Kukan farko: abin da jaririn Yekuwa yake bukata kafin ranar suna

A duk gidan da mace ta durƙusa haihuwa, daga Yekuwa har Dungas, abu guda ake saurare daga bayan zana, shi ne kukan jariri. Tsofaffi sukan yi tsit. Maigida yakan fita ƙofar gida ya zauna kamar babu abin da ya dame shi, alhali kunnensa yana cikin ɗaki. In kukan ya fito da ƙarfi, sai guɗa ta tashi, a aiki yaro ya kai labari gidan kakanni. In kuwa ya yi jinkiri, ko ya fito a raunane kamar nishin ɗan akuya, to daga wannan minti an shiga wani tsere wanda akasarin iyaye ba su san ƙa'idarsa ba. Filin kiwon lahiya na wannan mako ya tsaya ne a kan wannan tsere: mene ne yake hana jariri numfashi, me likita yake iya yi a kai, me ya rage ga iyaye da hukuma da masu hannu da shuni.

Batun ba ƙarami ba ne. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini miliyan 13 da dubu 400 a duniya, wato kusan jariri 1 cikin kowane 10. A 2022 kuma jarirai miliyan 2 da dubu 300 suka rasu kafin su cika kwana 28. A Nijar, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin kowane jariri 1000 da aka haifa da rai, fiye da 30 ba sa kai ƙarshen watansu na farko, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne a sauko zuwa 12 nan da 2030. Abubuwa 3 ne suka fi cin waɗannan rayuka: haihuwa kafin lokaci, wahalar naƙuda mai toshe wa jariri iska, da ciwon da ƙwayoyin cuta ke sawa. Dukansu kuwa a ƙirji suke fara bayyana.

Karkarar Yekuwa tana cikin gundumar Magaria, a kudancin jahar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Yanki ne mai cunkoson jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum dubu 570 a gundumar Magaria, da fiye da dubu 350 a gundumar Dungas, wadda aka yanke daga Magaria a 2011. Inda jama'a ta yi yawa haka, haihuwa ba ta yankewa dare da rana, kuma ko wane dare akwai gidan da ake jiran kukan da bai zo ba.

Huhu da jiƙaƙƙiyar leda

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ƙoƙarin buɗe ledar da ruwa ya shiga cikinta ya san yadda ɓangarorinta biyu suke mannewa, sai an hura, an murza, kafin ta saki. Haka huhun ɗan Adam yake. A cikinsa akwai miliyoyin ƴan jakunkuna ƙanana masu laima, inda iska ke ratsawa ta shiga jini. Da ba don wani maiƙo da huhu yake fitarwa da kansa ba, wanda likitoci ke kira surfaktan, da duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi sai jakunkunan su manne, ya zama sai ya sake buɗe su da ƙarfin tsiya. Wannan maiƙo yana fara samuwa a huhun ɗan tayi wajen sati na 24 na ciki, amma ba ya wadata sai wajen sati na 34 ko 35. Cikakken ciki sati 40 ne. Wanda aka haifa kafin sati 37, shi ne bakwaini a lissafin likita, ko da ya wuce wata 7 ɗin da sunan yake nufi.

Saboda haka bakwainin da ya zo da wuri sosai yana iya yin kuka da farko, iyaye su yi murna, sa'an nan bayan awa 1 ko 2 a ga ƙirjinsa yana lotsawa, ƙofofin hancinsa suna buɗewa, yana nishi a duk fitar numfashi. Ko wane shaƙa a wurinsa kamar hura sabon balan-balan ne. Babba ma in aka sa shi wannan aiki sau 70 a minti zai gaji, balle wanda nauyinsa bai kai kilo 2 ba. In gajiyar ta kai iyaka, sai numfashin ya riƙa tsayawa, leɓe da harshe su yi duhu, jiki ya yi sanyi.

Likitoci biyu na Boston a Amurka, Mary Ellen Avery da Jere Mead, su ne suka gano a 1959 cewa rashin wannan maiƙo ne yake kashe bakwaini. Amma sanin cuta daban, samun maganinta daban. Ranar 7 ga Agusta 1963 matar shugaban Amurka John Kennedy ta haifi ɗa namiji, Patrick, saura kamar sati 5 da rabi cikinta ya cika, nauyinsa kilo 2 da gram 100. An kai shi babban asibitin yara na Boston, manyan likitocin ƙasar suka taru a kansa, amma bayan awa 39 ya cika. Jariri mai wannan nauyi da wannan ciwo, yau asibitin gunduma mai kayan aiki yana iya ceto shi. Abin da ya gagari fadar shugaban Amurka a 1963 ya zama aikin yau da kullum, kuma tambayar da ta rage ita ce ko zai iso ga ɗan manomin Yekuwa.

Minti na farko

Tun kafin a yi zancen na'ura, akwai minti guda da ya fi kowane tsada. Kusan jariri 1 cikin 10 yana bukatar a taimaka masa kafin ya ja numfashin farko. Ga akasarinsu taimakon ba shi da wuya: a goge jikin da busasshen zane mai tsabta, a canza wani busasshe, a shafa bayansa da tafin hannu. In bai yi kuka ba, ungozomar da ta sami horo takan ɗora masa wata ƴar roba a baki da hanci, ta riƙa matsa jakar da ke haɗe da ita kamar zugazugin maƙeri, sau 40 ko fiye a minti, tana kallon ƙirjin yana tashi. Wannan jaka ba ta bukatar wutar lantarki, ba ta bukatar tukunyar iska, iskar ɗaki ta isa. Abin da take bukata shi ne hannun da ya iya, kuma a fara kafin minti na farko ya ƙare, domin ƙwaƙwalwar da ta daɗe babu iska tana lalacewa, ko da yaron ya rayu.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito da wani tsarin koyar da wannan aiki a 2010, musamman don ƙasashe masu ƙarancin kayan asibiti. Da aka gwada shi a asibitoci 8 na Tanzaniya, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake roƙon mata su haihu a gidan likita. Tsohuwar ungozoma ta gida tana da basira da tausayi, kuma ta karɓi haihuwar rabin gari, amma dabarun da aka gada, kamar riƙe jariri ta ƙafa a zazzage shi ko a kwara masa ruwan sanyi don ya firgita, suna cinye mintin nan ne kawai, su ƙara masa sanyi. Ga kuma al'adar kunyar haihuwar fari, wadda takan sa yarinya ta danne naƙuda ta ƙi faɗa wa kowa har abu ya yi nisa. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 suna aure kafin shekara 18, masu haihuwar fari da ƙuruciya suna da yawa, kuma su ne naƙuda ta fi yi wa tsawo.

Daga ƙauye zuwa Magaria

In jariri yana numfashi amma da wahala, sai a kama hanya. Alamomin da ba a jira a kansu sanannu ne: numfashin da ya wuce sau 60 a minti, lotsawar ƙirji, nishi, duhun leɓe, tsayawar numfashi, ƙin kama nono, sanyin jiki ko zafinsa, da jijjiga. Ko agogon wayar salula ya isa a ƙirga numfashi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan bai kamata ya ce a bari gari ya waye ba, ko a bari a yi suna, ko a jira wanzami ya zo ya duba ko beli ne. Cire beli ga jaririn da ke fama da numfashi yana ƙara masa zubar jini da ƙwayoyin cuta a kan abin da yake ciki.

Matakan kuwa a jere suke: ɗakin shan magani na ƙauye, sai gidan likita na CSI, sai asibitin gunduma a Magaria, in abin ya fi ƙarfinsa sai Damagaram, mai nisan kusan kilomita 90, inda babban asibitin ƙasa da cibiyar kula da lahiyar uwa da yaro suke. A taswira tafiyar gajeriya ce. A kan amalanke ko babur, cikin yashi, da daminar Agusta ko hunturun Janairu, doguwa ce, kuma babban abokin gaba a hanya shi ne sanyi. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi yana ƙona iska da sukarin jikinsa don ya ɗumama kansa, numfashin sai ya ƙara tsanani. Maganin wannan yana hannun kowa: a kwantar da shi tsirara, da hula da ɗan ƙyalle kawai, a ƙirjin uwarsa fata da fata, a ɗaure da zane kamar goyon gaba, a lulluɓe su tare. In uwar ba ta da ƙarfi, kaka ko gwaggo ko uban da kansa yana iya yi. Wankan farko kuma a jinkirta shi har a kwana, ga bakwaini ma fiye da haka.

Sashen yara na asibitin Magaria sananne ne har a wajen Nijar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a yankin tun yunwar 2005, tare da ma'aikatar kiwon lahiya. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa yara 730 ne suke kwance a wurin lokaci guda, 208 daga cikinsu a ɗakin masu tsananin ciwo, kuma a watan da ya gabata ana rasa kimanin yara 10 kowace rana, akasari saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Wannan adadi yana da darasi ga zancen jarirai. Lokacin da sauro ya yi yawa kuma rumbu ya yi ƙasa, a lokacin ne gadaje ke cika, iskar shaƙa ke ƙaranci, ma'aikata ke gajiya. A lokacin ne kuma zazzaɓi ke kama masu ciki, ya jawo haihuwa kafin lokaci. Bakwainin damina yana zuwa ne daidai sa'ar da kowa ke neman tiyon iska.

Iska, kumfa da kwalbar ruwa

A ɗakin jarirai taimakon numfashi hawa-hawa ne. Na farko shi ne ƙarin iskar oksijan ta ƴan siraran tiyo a hanci. Iskar da kowa ke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijan. Ana samun ƙari ko daga tukunyar ƙarfe, wadda take ƙarewa sai an kai ta birni an cika, ko daga injin tace iska, wanda yake zuƙar iskar ɗaki ya ware oksijan har ya kai kashi 90 ko fiye. Injin ba ya ƙarewa muddin akwai wuta, kuma abin da yake ci bai kai na dutsen guga na lantarki ba. Sai dai ƙurar hunturu tana toshe matatarsa, wuta mai hawa da sauka kuma tana ƙona shi.

Amma oksijan kaɗai ba ya buɗe jakar huhun da ta manne. A nan ne hawa na biyu ya shigo, kuma asalinsa yana da alaƙa da Afirka. A 1968 wasu likitoci a birnin Kap na Afirka ta Kudu suka nuna cewa nishin da bakwaini yake yi dabara ce ta jiki: yana ɗan rufe maƙogwaro lokacin fitar da numfashi don ya tare sauran iska a ciki, kada huhun ya manne. Wani likita a San Faransisko, George Gregory, ya ɗauki wannan haske ya ce to a yi wa jariri wannan aiki da na'ura, a riƙa tura masa iska mai ɗan ƙarfi ba yankewa, shi kuma yana numfashi da kansa. A 1971 ya buga sakamakon jarirai 20 masu tsananin ciwo da ya yi wa haka, 16 suka rayu. Wannan dabara ita ce likitoci ke kira CPAP.

Mafi sauƙin irinta ita ce mai kumfa, wadda asibitin jami'ar Kolombiya a Niyok ya shahara da ita tun shekarun 1970. Iska tana shiga hancin jariri ta tiyo ɗaya, tana fita ta wani, ƙarshen na biyun kuma an nutsa shi cikin kwalbar ruwa. Zurfin da aka nutsa shi, shi ne ƙarfin iskar da ta rage a huhu: in santimita 5 ne, ƙarfin ke nan. Muddin ruwan yana ɓulɓula kamar tukunya a kan murhu, ma'aikaciya ta san iska tana tafiya daidai. In kumfa ta tsaya, akwai inda yake yoyo, ko tiyo ya zame daga hanci.

Na'urorin da ake sayarwa a Turai suna da tsada ƙwarai, shi ya sa aka daɗe ana ganin abin na masu arziki ne. Sai ɗaliban jami'ar Rice ta Amurka da likitocin asibitin Sarauniya Elizabet na Blantyre a Malawi suka haɗa wata mai araha da famfon da ake sa wa kifin ado iska, suka sa mata suna Pumani. Sakamakon da suka buga a 2014 ya nuna cewa cikin jarirai masu wahalar numfashi, 71 cikin 100 na waɗanda aka sa wa na'urar sun rayu, alhali cikin waɗanda suka sami oksijan kaɗai 44 ne suka rayu. A Dhaka ta Bangladesh kuma likita Mohammod Jobayer Chisti ya haɗa tasa da robar sabulun wanke gashi, ya yi amfani da ita ga yara masu ciwon huhu. A shawarwarinta na 2022, OMS ta ce a sa wa duk bakwainin da ya nuna alamar wannan ciwo CPAP. Tun 2020 kuma OMS da UNICEF suka sa burin cewa zuwa 2025 gundumomi 80 cikin 100 a kowace ƙasa su mallaki ɗakin jarirai mai wannan na'ura. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ƴan majalisar karkara da shugabannin gunduma su auna asibitinsu da shi.

Hawa na uku shi ne injin da yake yi wa jariri numfashin gaba ɗaya ta tiyon da aka zura a maƙogwaro, tare da maiƙon huhu na kwalba, wanda likitan Japan Tetsuro Fujiwara ya fara nuna amfaninsa a 1980. Wannan yana bukatar ƙwararren likita a kusa dare da rana, da awon jini a kai a kai, da kuɗi masu yawa. Aikin manyan asibitoci ne. Ga gunduma irin Magaria ko Dungas, rayukan da suka fi yawa ana ceto su ne a hawa na ɗaya da na biyu.

Kowane magani da iyakarsa

Iyaye da yawa, in sun ga an rage wa ɗansu iska, sai ransu ya ɓaci, wani ma yakan miƙa hannu ya murɗa da kansa in ma'aikaciya ta juya baya. Wannan kuskure ne mai tsada. A shekarun 1940 da 1950 asibitocin Amurka da Turai sun riƙa cika kwalaben bakwaini da oksijan ba awo, dubban yara suka makance kafin a gane dalili. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, yana cikin waɗanda suka rasa ido ta wannan ciwo. Yawan oksijan yana ɓata jijiyoyin idon bakwaini. Shi ya sa ake ɗaura wa jariri wani ɗan ma'auni mai jan haske a ƙafa ko hannu, ana neman adadin ya tsaya tsakanin 90 da 95. Ɗakin da yake da iska amma ba shi da wannan ma'auni kamar mai awon hatsi ne da ba shi da tiya.

Akwai kuma magunguna biyu da ya kamata mai karatu ya san da su. Na farko allurar deksametazon ce, wadda ake yi wa mace in an ga za ta haihu tsakanin sati 24 da 34, don huhun ɗan ya yi saurin nuna. Wani likitan Niyu Zilan, Graham Liggins, a wurin tumaki ya fara lura da haka, sa'an nan shi da Ross Howie suka tabbatar a kan mata a 1972. Gwajin da OMS ta yi a ƙasashe 5, har da Najeriya, ya nuna a 2020 cewa allurar tana rage mutuwar bakwaini in an yi ta a asibitin da ya san watannin ciki daidai kuma yana iya kula da jariri. Wani gwaji na 2015 kuwa ya nuna cewa yin ta barkatai yana ƙara ɓarna. Don haka ba maganin da za a saya wurin mai talla a kasuwa ba ne. Na biyu shi ne kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa, wanda ake ba bakwaini da awo na likita don kada ya manta da numfashi. Awon ƙanƙane ne ƙwarai, kuma babu mai cewa a tauna goro a ɗiga wa jariri.

Kwalbar ɗumi da ake sa bakwaini a ciki, likitan Faransa Stéphane Tarnier ne ya kawo ta gidan haihuwa na Paris a 1880, bayan ya ga akwatin ƙyanƙyasar ƙwai a gidan dabbobi. Kusan shekara 100 bayan haka, a 1978, ƙarancin kwalabe ya sa likita Edgar Rey na Bogota a Kolombiya ya mai da jarirai ƙirjin iyayensu mata. Binciken da aka buga a 2021, wanda aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, ya nuna cewa jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa kilo 1 da gram 800, in an fara wannan goyo nan take ba a jira sun warware ba, mutuwarsu tana raguwa da kashi 25 cikin 100. Da yawa daga cikinsu tiyon iska yana hancinsu suna kwance a ƙirjin uwa. Matar Yekuwa ba ta bukatar a koya mata goyo. Abin da take bukata shi ne gado kusa da na'ura, da abinci, da wadda za ta karɓe ta in ta gaji, da mijin da ba zai aiko a ce ta dawo gida don wankan jego ba.

Wuta, ma'aikata da kuɗi

Na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Jaririn da ke kan CPAP sai an riƙa share masa hanci, ana duba kada tiyo ya ji masa ciwo, ana ba shi nonon uwarsa ta siririn tiyo zuwa ciki, ana rubuta numfashinsa awa bayan awa. Ma'aikaciya guda ba ta iya yi wa jarirai 20 wannan a dare ɗaya. Duk ma'aikacin gwamnati ya san yadda ake tura sabon ma'aikaci karkara, kafin shekara ta zagayo ya nemi hanyar komawa Yamai ko Damagaram. In wadda aka horar ta tashi, na'urar sai ta koma ɗakin ajiya ƙura ta rufe ta.

Sai wuta. A farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi, kuma takunkumin CEDEAO bai tashi ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Mai shago ya yi asarar ƙanƙara da kifi, ya jure. Ɗakin jarirai ba ya iya jure yankewar minti 10. Faifan hasken rana da batura, da tukunyar iska ta ko-ta-kwana, su ne ke tsakanin jariri da duhun dare, kuma rana ba ta yi wa Damagaram rowa ba.

Ta fannin kuɗi, Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a 2006. Mataki ne da ya sa iyaye da yawa suka daina tsoron ƙofar asibiti. Amma masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun nuna a shekarun da suka biyo baya cewa baitulmali yakan daɗe bai biya asibitoci kuɗin da suka kashe ba, har kantocin magani su bushe. Kuma ko magani kyauta ne, man mota da abincin mai jinya na sati 3 ko 4 ba kyauta ba ne. Manomin da ya bar gona a tsakiyar noma yana lissafin wannan duka kafin ya ce a tafi.

Rabon kowa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigidan da matarsa ke da ciki yana iya yin abubuwa da yawa tun kafin naƙuda: ya bar ta ta je awon ciki tun watannin farko, ta sha maganin rigakafin zazzaɓi aƙalla sau 3 da ƙwayoyin ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro, ya ajiye ƴan jikkuna na mota, ya riƙe lambar mai babur ko mai mota da zai amsa kira da tsakar dare. In ciki na tagwaye ne, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, ko ƙafafunta suna kumbura, ya matsar da ita kusa da asibiti kafin lokaci.

Ƴan kasuwar Magaria da na Damagaram, da ƴan asalin yankin da ke fatauci a Kano da Legas da Kwatano, an san su da gina masallatai da haƙa rijiyoyi. Injin tace iska guda, da faifan rana da baturansa, da ma'aunin oksijan na jarirai, suna cikin abin da ƙungiyar ƴan kasuwa guda take iya ɗauka ba tare da ta girgiza ba. Sharaɗin shi ne a tambayi likitan gunduma abin da ya rasa kafin a saya, a kuma ware kuɗin matata da gyara na shekara 2 ko 3, domin asibitocin Afirka cike suke da kyautar da ta mutu saboda rashin ɗan ƙarfe guda. Ma'aikacin da ke rubuta kasafin karkara ko na jaha kuma yana da alƙalamin da zai sa layin man motar ɗaukar marasa lahiya, da layin mai gyaran na'ura, da ɗakin kwanan ungozoma kusa da gidan haihuwa.

A Yekuwa, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ba a raɗa wa yaro suna a bainar jama'a sai ya kwana 7, kuma likitoci sun tabbatar cewa kusan kashi 3 cikin 4 na jariran da ake rasawa a watan farko cikin wannan satin suke tafiya. Wanda ya sayi rago ya ɗaure tun ciki yana wata 8, ya kamata ya san kuma ko ungozomar garinsu tana da jakar hura iska, ko motar asibiti tana da mai, ko ɗakin jarirai yana da wuta da dare. Allah ya sauki masu ciki lahiya, ya raya abin da aka haifa.